Ciwon Diddige a Bakin Iyaka: Tsakanin Man Zafi, Allurar Kemis da Hasken Leza

A Lafagu, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo da ke shimfiɗe tsakanin Kogin Kwara da iyakar Jamhuriyar Benin, ƙafa ita ce jarin farko na mai neman abinci. Da ita manomi ke shiga fadama dashen shinkafa, da ita makiyayin Ka'oje ke bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana, da ita mata ke ɗebo ruwa da itace, da ita kuma ɗan kasuwa ke wuni tsaye a Lolo ko Tsamiya, wani lokaci ya tsallaka har Malanbil ko Segbana. Babur ya rage wa mutane tafiya, amma bai rage musu tsayuwa ba. Shi ya sa ciwon diddige, wanda ma'aikacin ofis a Birnin Kebbi zai iya lallaɓawa yana zaune a kujera, a nan yakan zama asarar damina guda.

Masu fama da shi kusan bakinsu ɗaya. Mutum ya farka da asuba, ya sauke ƙafa zai je alwala, sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Ya ɗingisa taku goma ko ashirin, abin ya lafa. Ya wuni yana aiki da ɗan dama-dama, ya zauna hira bayan la'asar, yana miƙewa sai ciwon ya dawo sabo. In aka danna ƙasan diddigen ta ɓangaren ciki, wuri guda ne ke amsawa, wurin da bai wuce faɗin babban yatsa ba.

Abin da ke ciwon ba ƙashi ba ne. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma tafinta a lanƙwashe yake. Abin da ke riƙe da wannan lanƙwasa wata jijiya ce mai faɗi da kauri, wadda ta taso daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu, tana aiki kamar tsirkiya a jikin baka. Duk takun da mutum ya yi sai ta miƙe ta ɗauki nauyinsa. In nauyin ya fi ƙarfin abin da take iya gyarawa cikin dare, sai wurin da ta manne da ƙashi ya fara sassaɓewa. Da dare ƙafa na kwance a sake, jijiyar ta tsuke. Takun farko na safe ya fizge ta, shi ne wannan sukar. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin kumburi, har zuwa 2003 lokacin da Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka suka duba naman da aka yanko daga marasa lafiya 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar lalacewar zaren jijiyar ce ta fi yawa, ba kumburi ba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa maganin kumburi ke kwantar da zafi amma ba ya kawar da ciwon.

Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ƙiba na jawo shi, haka doguwar tsayuwa a kan daɓe mai tauri, haka tsukewar naman sharaɓa wadda ke hana idon sawu lanƙwasuwa yadda ya kamata. A ƙasar noma akwai wani abu kuma: canjin aiki farat ɗaya. Mutumin da ya yi watannin rani da ɗan sauƙin zirga-zirga, ruwa na sauka sai ya koma wuni a gona, ko ya saɓi buhu yana tafiya cikin taɓo. Jijiya ba ta son a yi mata ba-zata.

Akwai ruɗani biyu da suka zauna a zukatan mutane. Na farko shi ne "sanyi". Duk ciwon da ya shafi gaɓa ko ƙashi, musamman ga wanda ke aiki cikin ruwa, akan ce sanyi ne ya shige shi, sai a shiga neman maganin sanyi, na gargajiya da na kemis. Na biyu ya fito ne daga asibiti. Wanda ya samu halin yin hoton ƙashi, sau da yawa akan nuna masa wani ɗan tsiro mai tsini a ƙasan ƙashin diddige, a ce masa, "Baba, ga abin da ke sukarka nan." Daga ranar hankalinsa ya tashi, ya fara tunanin tiyata. Alhali mutane da yawa suna yawo da wannan tsiron ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna kuka da diddige hotonsu fes. Tsiron shaida ce ta daɗewar jan da ake yi wa wurin, kuma mafi yawan waɗanda suka warke suna warkewa ne da tsironsu a inda yake.

Babban abin da ya kamata mai ciwon ya ji, wanda kuma ba kasafai ake gaya masa ba, shi ne cewa wajen mutum takwas zuwa tara cikin goma suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Wannan albishir ne, amma shi ne kuma ya buɗe wa kowane mai magani kasuwa. Ciwon da zai tafi da kansa cikin watanni, duk abin da aka yi masa a ƙarshe shi ke karɓar yabo: man kaɗanya da aka haɗa da citta, gashin ruwan zafi, ƙahon wanzami, ko na'urar da aka biya kuɗi masu yawa a birni. Shafa mai da gashin ruwan ɗumi ba su da laifi, suna sassauta wurin, a ci gaba da su. Tsaga da sakiya a tafin ƙafa kuwa kasada ce tsantsa, domin babu mugun jini ko ruwan da ya taru a wurin da za a fitar, kuma an buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta a sashen jikin da ya fi kowanne cuɗanya da ƙasa, kashin dabbobi da ruwan fadama.

Inda ɓarnar ta fi yawa, a ganin mai wannan sharhi, shi ne teburin kemis. Mai ciwo yakan je ya ce, "Malam, a haɗa min na ciwon jiki," a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba adadi. Cikin irin wannan haɗi ba a rasa diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun, ga kuma deksametazon ko firedinisolon. Kwana biyar ko mako guda na maganin zafi ɗaya, bayan an ci abinci, abu ne da likita ma zai iya rubutawa. Amma ciwon diddige na watanni ne, kuma wanda ya yi watanni yana haɗiyar waɗannan ƙwayoyi yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Su kuwa deksa da 'yan uwanta, wato sitiroyid, in aka daɗe a kansu suna tayar da sukari da hawan jini, su kumbura fuska, su raunana ƙashi. Sai kuma tiramol, wanda wasu 'yan ƙwadago ke sha don su iya ƙarasa aikin yini. Shi ba ya gyara komai, yana rufe bakin ciwon ne kawai mutum ya ci gaba da taka abin da ke neman hutu.

Allurar sitiroyid da ake yi a cikin diddigen kanta tana da gurbinta a hannun ƙwararre. Tana kawo sauƙi na kamar wata guda, abin da kan iya ceton manomin da girbi ya riske shi yana ɗingishi. Bayan nan bambancinta da rashin yin ta ba shi da yawa. In aka yi ta maimaita ta, tana iya tsinka jijiyar, ko ta narkar da kitsen da Allah Ya shimfiɗa a ƙasan ƙashin diddige don tare dukan ƙasa, kuma wannan kitsen in ya tafi ba ya dawowa.

Abin da bincike ya fi tsayawa a kansa ba ya buƙatar lantarki. A 2003, likitan ƙashi Benedict DiGiovanni na Jami'ar Rochester ya gwada wata miƙa mai sauƙi a kan mutanen da suka haura wata goma suna fama. Mutum ya zauna, ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ya kama yatsun ya ja su baya wajen ƙwauri har ya ji tafin ya ɗaure, ya riƙe ya ƙirga goma, ya saki. Sau goma a zama ɗaya, zama uku a yini, kuma na farkon tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa da safe. Bayan mako takwas, waɗanda suka yi wannan sun fi waɗanda suka tsaya ga miƙa sharaɓa kaɗai samun sauƙin takun farko. Shekaru goma sha ɗaya bayan haka, Michael Rathleff a ƙasar Denmak ya zo da wani salon a kan mutum 48: a tsaya da ƙafa ɗaya a bakin matakala, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, a yi ɗage a hankali cikin daƙiƙa uku, a tsaya biyu, a sauko cikin uku, ana yi ana tsallake kwana guda, in ƙarfi ya samu a goya jaka mai nauyi. A wata uku sun riga 'yan miƙa samun sauƙi, ko da yake a ƙarshen shekara duk sun haɗu wuri ɗaya. Bakin dakali ko bulo guda ya isa wannan aiki a kowane gida a Lafagu, tsohon zane kuma ya maye gurbin tawul.

Sai takalmi. Silifas ɗin roba da ya cinye har ya zama falle ba ya tare komai, tafiya ba takalmi a kan siminti ko busasshiyar laka kuma tana ƙara wa wurin azaba. Ba sai an nemi takalmin kanti mai tsada ba. Takalmi mai kaurin ƙasa, mai ɗan tudu a baya, wanda ke kama ƙafa da maɗauri, ya wadatar, kuma duk baduku ko mai gyaran takalmi na kasuwa zai iya yanka soso mai tauri ya liƙa a gurbin diddige. Masu aikin gashin ƙashi na asibiti suna kuma ɗaure tafin ƙafa da filasta ta wata hanya da ke rage jan jijiyar na 'yan kwanaki, akwai kuma abin da ake sawa da dare ya riƙe ƙafa a miƙe don kada ta tsuke kafin safiya. Ga mai ƙiba, rage ko da kilo kaɗan ne yana sauke wa diddige kaya a kowane taku.

To ina matsayin leza, wadda sunanta ya fara yawo a tallace-tallacen asibitocin kuɗi da shafukan Facebook?

An ƙera na'urar leza ta farko a 1960, aikin Theodore Maiman a Amurka. A 1967 wani likitan tiyata a Budafes ta ƙasar Hangari, Endre Mester, yana haska ta a bayan ɓerayen da ya aske, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan aka fara tunanin cewa haske mai rauni, wanda ba ya yanka ba ya ƙonawa, zai iya zaburar da ƙwayoyin halittar jiki su yi gyara. Lezar da ake amfani da ita a ciwon diddige irin wannan ce, ba irin ta tiyatar ido ba. Jan haske ne, ko wanda ya ɗara ja har ido ba ya ganinsa. Ana ɗora kan na'urar a wurin na 'yan mintoci, sau biyu ko uku a mako, tsawon makonni uku zuwa huɗu ko fiye. Mai ciwo ba ya jin komai in ban da ɗan ɗumi a wasu na'urorin. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayar halitta suna tsotsar hasken, aikinsu ya ƙaru, sinadaran da ke tayar da zafi kuma su ragu.

Sakamakon gwaji bai zo da murya ɗaya ba. A 1998, Jeffrey Basford na asibitin Mayo ya raba masu ciwon diddige gida biyu, wasu aka haska musu leza ta gaskiya, wasu na'urar da ba ta fitar da komai, bai ga bambanci ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, da ƙarfin haske da tsawon lokaci daban, da dama sun nuna raguwar zafi na ɗan lokaci. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba wa wata na'urar kamfanin Erchonia izinin shiga kasuwa don wannan ciwo. A 2023 kuma, ƙa'idojin da masu aikin gashi na Amurka suka sabunta sun amince a yi amfani da leza don rage zafi na gajeren lokaci, amma a matsayin ɓangare na shirin jinya, tare da miƙa da motsa jiki. A ma'aunin ƙarfin hujja sun ajiye ta ƙasa da miƙa, ɗaurin filasta da aikin hannu.

Wannan shi ne gwargwadonta: mataimakiya ce, ba ta da haɗari sosai in an kare ido kuma ba a haska ta a kan ciwon daji ko cikin mai juna biyu ba, amma ba ita ce jinyar ba. Ga mutumin Lafagu lissafin ya fi haka nauyi. Zuwa goma ko goma sha biyu a birni yana nufin kuɗin mota sau goma sha biyu, ko zaman wata guda a gidan dangi, gona na jira. Wanda ya sayar da tunkiya don wannan, bai taɓa gwada miƙar safe ta mako takwas ba, an cuce shi ko da na'urar ta gaske ce. Ba kowane jan haske ne leza ba kuma. Fitilar gashi mai zafi daban take, haka ƙananan na'urori masu ƙyalƙyali da 'yan talla ke yawo da su kasuwa-kasuwa suna cewa suna maganin komai daga ciwon baya har sukari. Tambayar da ta dace a yi wa duk mai haska na'ura ita ce ko yana da rajista da hukumar da ke kula da masu aikin gashi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1988, da kuma wane motsa jiki zai haɗa wa mutum da shi. In ya ce hasken kaɗai ya isa, a kama hanya.

Ga wanda ya haura wata shida yana yin duk abin da ya kamata bai ga sauƙi ba, akwai na'urar bugun sauti mai ƙarfi, wadda asalinta ta fasa tsakuwar ƙoda ce a Jamus a 1980, aka kuma amince da ita don diddige a Amurka a 2000. Tana da zafi lokacin yi, tana da tsada, amma tana taimakon wasu. Tiyata ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kaiwa gare ta.

Bayan diddige kuma akwai agara, jijiyar da ta fi kowace ƙarfi a jikin ɗan Adam, wadda ke haɗa naman sharaɓa da ƙashin diddige, take ɗaukar abin da ya ninka nauyin mutum sau shida ko fiye in yana gudu. Ciwonta iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne mai tsada. Na farko gajiya ce ta a hankali: agarar ta yi kauri, ta riƙe da safe, ta yi zafi in an matsa ta kamar yatsa biyu zuwa uku sama da diddige. Maganinsa ya fito daga garin Umeya na ƙasar Suwidin a 1998, inda likita Håkan Alfredson ya sa mutum 15 masu wannan ciwo su riƙa tsayawa a bakin matakala suna sauke diddige ƙasa a hankali, sau 180 a yini, tsawon mako 12. Dukansu suka koma gudu. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne cewa jijiyar da ke ciwo nauyi take so, a ba ta shi da tsari, ba kwanciya ba. Game da leza a nan, ƙa'idojin 2018 na masu aikin gashin Amurka sun ce hujjojin suna karo da juna, suka ƙi ba da shawara ko ta yi ko ta bari. Allurar sitiroyid a cikin agara kuwa likitoci suna gudunta, don tana iya kai ta ga tsinkewa.

Tsinkewar ita ce iri na biyu. Masu kallon ƙwallo za su tuna Yakubu Aiyegbeni, wanda agararsa ta tsinke a watan Nuwamban 2008 yana buga wa Everton wasa da Tottenham, ya shafe watanni masu yawa a waje, da David Beckham da irin wannan rauni ya hana shi gasar cin kofin duniya ta 2010. Ba sai ɗan wasan Turai ba. Magidanci mai shekara 35 ko 45 da ya shiga ƙwallon yamma, ko ya yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, ko ya yunƙura tura amalanken da ya kafe, zai iya jin ƙara a bayan ƙafarsa, ya waiwaya neman wanda ya doke shi, bai ga kowa ba. Abin da ke yaudara shi ne yana iya tafiya bayan haka, da ɗingishi, sai a ce targaɗe ne. Ko a asibitocin ƙasashen da suka ci gaba, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na irin wannan rauni yakan kuɓuce wa wanda ya fara dubawa.

Gano shi kuwa ba ya cin ko sisi. A kwantar da mutum rubda ciki, ƙafafunsa na reto a bakin gado, a matse naman sharaɓarsa da hannu. In agara lafiya take, tafin ƙafar zai motsa ya nuna ƙasa. In bai motsa ba, ta tsinke. Franklin Simmonds ya bayyana wannan gwaji a 1957, kuma har yau shi likitocin ƙashi ke fara yi. Muhimmancinsa shi ne lokaci. In an gano da wuri, cikin kwanakin farko, ana iya sa ƙafar a filasta ko takalmin jinya, yatsu na kallon ƙasa don bakunan jijiyar su haɗu, a riƙa ɗago ta sannu a hankali cikin makonni. Wani babban gwaji a ƙasar Norwe da aka buga a 2022, kan mutum 526, ya nuna bayan shekara guda waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba ƙafafunsu na aiki kusan daidai, sai dai sake tsinkewa ta kai kashi 6 cikin ɗari ga marasa tiyata, ƙasa da kashi 1 ga masu ita. Wannan labari ne mai daɗi ga talaka. Amma in aka yi wata guda ana murzawa ana takawa, bakunan sun janye sun yi nisa, sai tiyata mai wuya, kuma ƙarfin ɗage ba lallai ya dawo duka ba. Maɗoran gargajiya suna da gwaninta da amanar jama'a a kan karaya, kuma su ake fara kai wa irin wannan rauni. Da za su riƙe wannan gwaji na matse sharaɓa, su san cewa wannan ba aikin kara da tsumma ba ne, da an ceci ƙafafu da yawa.

A nan ma kemis ya sake shigowa. Sifrofuloksasin, wanda kowa ke kira sifro, da danginsa irin su ofuloksasin da lebofuloksasin, suna cikin magungunan da aka fi sha da sunan taifod, sau da yawa ba tare da gwajin kirki ba. Tun watan Yulin 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗi mafi girma a takardar bayaninsu cewa suna iya kumbura jijiya ko su tsinka ta, agara ce kuma ta fi shan wahala. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da wanda ke shan su tare da sitiroyid. Dattijon da aka haɗa wa sifro da deksa a leda ɗaya ya cika sharuɗɗan duka. Duk wanda ke kan wannan magani ya ji bayan diddigensa ya fara zafi, ya dakata da shi, ya daina aikin ƙarfi, ya nemi ma'aikacin lafiya ya canza masa wani.

Akwai kuma raunin da ke zuwa daga waje: lauje, fartanya, gefen kwanon rufi, da wayar ƙafar babur da ke kama diddigen yaron da aka goya a baya ba takalmi. Irin wannan yankan yakan yi kama da ƙarami a fata alhali ya raba agara. Ba a ɗinke fata a sallami mutum sai an tabbatar jijiyar na nan, an kuma yi allurar tetanus.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 da ke kukan diddige bayan ƙwallo, galibi wurin girman ƙashin ne ke amsawa, kuma yana wucewa da hutu da takalmi mai laushi. Amma yaro mai sikila da diddigensa ko ƙwaurinsa ya kumbura da zazzaɓi, wannan na asibiti ne a ranar. Faso da kaushi na lokacin hunturu, jiƙa ƙafa, goge ta da dutse da shafa man kaɗanya suna isar musu.

Sai dai faso ɗin nan a ƙafar mai ciwon sukari wani abu ne daban. Sukari yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya riƙa jin ƙuna ko tafiyar kiyashi da dare, daga baya ya daina jin komai, ƙaya ta shige shi bai sani ba. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, kan mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa na sukari, ya samu an yanke wa fiye da ɗaya cikin uku wani sashe na ƙafa, ɗaya cikin biyar kuma ya rasu. Ga irin wannan mutum, ruwan zafi, tsaga da fitilar gashi duk haramtattu ne a likitance, domin zai ƙone bai ji ba. Rashin ji a tafin ƙafa tare da fararen tabo a fata kuma yana iya zama kuturta, wadda maganinta kyauta ne. Sannan akwai wani kumburi mai tauri marar zafi da ke fara bayyana watanni bayan sukar ƙaya, ya riƙa huda ƙofofi yana fitar da ruwa mai ɗauke da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, farare ko jajaye. Sunansa maisitoma, cutar manoma da makiyayan yankin Sahel ce daga Senegal har Sudan, inda aka kafa cibiyar bincikenta a Khartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Tana cin nama har ƙashi a hankali, kuma da yake ba ta da zafi da farko, akan kai ta asibiti ne bayan ta gama ɓarna.

Masu aikin gashi a Najeriya, sana'ar da ta fara a asibitin Igbobi na Legas a 1945 ta kuma zama digiri a Jami'ar Ibadan a 1966, ba su wuce 'yan dubbai ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Mutumin Bagudo da ke buƙatar ƙwararre sai ya nufi Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya, in abin ya fi haka ya wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wannan tafiya ta wajaba ga wanda agararsa ta tsinke, ga mai gyambon sukari, ga mai kumburin da ke fitar da ƙwayoyi, ga wanda diddigensa ke zafi ko yana kwance da dare, da wanda ya faɗo daga bishiya ko rufin ɗaki ya dira a kan dunduniya. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, aikin ƙaramin asibitin mazaɓa ne. Malamin asibiti da ya iya danna gindin diddige, ya matse sharaɓa, ya taɓa yatsun ƙafa ya tambaya ko ana ji, ya auna sukari, ya kuma ce a zazzage masa ledar magungunan da ake sha, zai iya rarrabe waɗannan duka cikin minti goma. Horon da zai ba shi wannan bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba, kuma hukumar lafiya matakin farko ta jihar Kebbi tana iya haɗa shi da tarurrukan da take kiran ma'aikatanta a kai a kai don rigakafi, ta gayyato masu kemis da maɗoran yankin su zauna a aji ɗaya da su.